Sarewar Hannu: Yadda Wata Malama ta Zaɓar wa Ɗalibarta Kilarinet

Shekara huɗu yarinyar ta yi tana busa kilarinet ɗin roba a wata makarantar sakandare da ke arewacin Ingila. Da ta doshi jarrabawar kiɗa mataki na 6 cikin matakai 8, malamarta ta lura cewa numfashinta ya ƙaru, kunnenta ya buɗe, amma sarewar ta kasa biya mata bukata. Sai ta kira mahaifin, wani direban bas, ta shaida masa lokacin ta katako ya yi. Sabuwa ta fi ƙarfin aljihunsa, don haka aka tsayar da shawara a kan ta hannu.

Kilarinet sarewa ce mai harshen kara guda ɗaya, wadda Johann Christoph Denner ya fito da ita a birnin Nuremberg na Jamus wajajen shekarar 1700. Gaɓoɓinta biyar ne, kuma irin wadda aka fi busawa a Ingila tana da maɓallai 17 da zobba 6. Tsakanin ta 'yan koyo da ta gwanaye akwai matsakaiciya, kamar E11 ta Buffet Crampon ko YCL-450 ta Yamaha. Da baƙin itacen nan da ake kira mpingo a Tanzaniya da grenadilla a Turai ake sassaƙa su, itace mai nauyi da kan shafe shekaru 60 ko fiye kafin ya isa sara.

Ranar Asabar suka duba guda biyu. Ta farko sai ƙyalli take yi, akwatinta fes, kuma nan take ta shiga ran mahaifin. Malama ba ta ce uffan ba. Ta warware gaɓoɓin, ta nufi taga da gaɓar sama, tana juya ta a hankali cikin haske. Can kusa da ƙananan ramukan sama ta ga wani layi siriri kamar gashi. A nan tsagewa ta fi aukuwa, domin wurin ne ɗumin numfashi da danshinsa ke fara dukan cikin itace, alhali bayansa yana bushe, musamman da hunturu idan na'urar ɗumama ɗaki ta tsotse raɓar iska. Ana iya ɗinke tsagewa, gaskiya ne, amma wadda ta ratsa ta bakin rami takan bar iska tana sulalewa, kuma mai sayarwar bai rage ko sisi ba saboda ita.

"Malama, ai wannan kamar sabuwa take," in ji mahaifin.

"Kyan ɗan maciji ne, Yallaɓai," ta amsa.

Ta biyu ba ta da kwarjini. Azurfar maɓallanta ta dushe, ɓawon da ke naɗe a mahaɗa ɗaya ya ɓantare. Malama ta toshe ramukan gaɓar sama da yatsu, ta rufe ƙasanta da tafin hannu, ta tsotsi iskar ciki. Ba ta riƙe ba, alamar wasu daga fatun da ke rufe ramuka sun mutu. Wannan bai tayar mata da hankali ba, tun da fata da ɓawo kayan canji ne a wurin mai gyara. Itacen kuwa lafiya lau, cikinsa sumul, bakin ramukansa ba kumburi ba zaizaya.

Sannan ta miƙa wa yarinyar, ta sa ta ɗaura bakin tsohuwar sarewarta da harshen karan da ta saba da shi, don kada a ɗora wa itace laifin baƙon baki. Ta kunna na'urar auna sauti a kan ma'aunin 440, ta juya musu baya, ta saurara. Abin da ta fi kasa wa kunne shi ne amon tsakiya, wanda yakan fito a shaƙe, da kuma tsallakawa daga rukunin ƙasa zuwa na sama, inda mai koyo ke yawan tuntuɓe. Yarinyar ta busa doguwar murya ɗaya, ta tsaya, ta sake busawa, sai ta yi murmushi ba ta dubi kowa ba.

Mahaifin bai gamsu nan da nan ba, domin da wuya mutum ya biya kuɗin guminsa a kan abin da ya ga ya dushe. Malama ta nemi a ba su mako guda su kai wa mai gyara, a haɗa kuɗin gyaran da na saye a gani. Jimillar ba ta kai farashin mai ƙyallin ba.

Da sarewar ta dawo, malama ta gindaya sharaɗi: minti 15 kawai a rana a makonnin farko, tun da itacen ya daɗe a ajiye, a goge cikinta bayan kowace busa, kada a bar ta cikin mota ko kusa da wuta. Ta robar kuma ba a sayar da ita ba. Da ita yarinyar ke fita faretin makaranta ranar da ake ruwa.