Na Bi Sawun Wani Tsohon Fim Zuwa Brooklyn

Ɗan'uwa, daren da na sauka New York, mai masaukina a unguwar Bronx, inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa, ya ce ba zan kwanta ba sai na kalli The Landlord, wato mai gidan haya. Fim ne na 1970, na farko da Hal Ashby ya ba da umarni. Ko sunansa ban taɓa ji ba.

Labarin wani saurayi ne farar fata, Elgar, ɗan masu hannu da shuni, wanda Beau Bridges ya fito a matsayinsa. Ya sayi gidan bene a Park Slope da ke Brooklyn, cike da 'yan haya baƙaƙen fata, da nufin ya kore su ya gyara abinsa ya more shi kaɗai. Da ya tare sai ya tarar ba a korar mutane cikin sauƙi. Suka juya shi, ya shaƙu da su, har ya yi wa matar wani ɗan hayarsa ciki. Inda na fi yin dariya shi ne zuwan mahaifiyarsa, wadda Lee Grant ta fito a matsayinta, ta ci ado tana yatsina. Tsohuwa Marge, ɗaya daga cikin 'yan hayar, wadda mawaƙiya Pearl Bailey ta taka rawarta, ta zaunar da ita, ta cika ta da abinci da barasa, sai ga uwargida ta saki jiki tana ta zuba. Saboda wannan rawa aka sa Lee Grant takarar kyautar Oscar. Amma dariyar tana da ɗaci, domin kowa a gidan ya san Elgar na iya tafiyarsa duk ranar da ya ga dama, su kuwa ba su da inda za su.

Da gari ya waye na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 2, a tsaye cikin cunkoso, na sauka a Grand Army Plaza, bakin lambun Prospect Park. Gidajen na nan yadda fim ya nuna su, na dutse mai ruwan ƙasa, da matakala har bakin titi. Mutanen ne suka sauya. Galibi fararen fata na gani, suna tura kekunan jarirai, wasu na jan karnuka, ga shagunan kofi reras. Gida ɗaya yanzu miliyoyin daloli ake sayar da shi. Abin da Elgar ya kasa yi, tsadar haya ta yi shi sannu a hankali. Nan take na tuna ma'aikatan Abuja da ke kwana a Mararaba da Nyanya.

Ka nemi fim ɗin ka kalla, ɗan'uwa. Ya hango wannan tun kafin ya faru.