Efinal: Garin Zane-zane da Tabon Asibitinsa

Daga Nansi jirgin ƙasa kan kai mutum Efinal cikin kimanin awa ɗaya. Ƙaramin gari ne a gabashin Faransa, kogin Mozel ya ratsa tsakiyarsa, kufan tsohuwar fada na kan tudu yana leƙen kasuwa. Tun 1796 ake buga hotunan zane masu launi a nan, su ne abin da baƙi ke zuwa kallo. Ni asibitin garin ne ya kawo ni.

Sabon gini ne fes, mai ɗauke da sunan Emil Durkem, masanin zamantakewar da aka haifa a garin. Tsofaffi na shiga da takardunsu a hammata, wani na tura matarsa a keken marasa lafiya. Ba abin da zai nuna maka cewa sashen gashin ciwon daji na tsohon asibitin, Jan Mone, ya taɓa girgiza ƙasar.

Daga Mayun 2004 zuwa Agustan 2005, maza 24 masu sankarar mafitsara sun sha gashi fiye da ƙima, ƙarin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. An sauya hanyar daidaita hasken na'urar ba tare da horar da ma'aikata yadda ya kamata ba, sai lissafin kwamfuta ya tafi gabas, abin da na'urar ke saki ya tafi yamma. Kuma ba a auna abin da ke isa jikin majinyaci a ranar gashi. Shi wannan haske ba ya zafi a lokacin. Mutum zai tashi ya sa rigarsa ya yi godiya, sai bayan watanni hanji ya fara zubar da jini, zama ya gagara, barci ya gagara. Bincike ya tono wasu kimanin 400 da aka ƙara wa kashi 8 zuwa 10 tsakanin 2001 da 2006, don ba a lissafa hasken hoton da ake ɗaukarsu kullum ba.

Kuskure kam ɗan Adam ajizi ne. Abin da na kasa yi wa uzuri shi ne shirun. An gano matsalar tun 2005, amma jama'a ba su ji ba sai Oktoban 2006, alhali masu ciwon na yawo daga likita zuwa likita ba su san me ke cin su ba.

A Janairun 2013 kotu a Faris ta yanke wa likitoci biyu da jami'in lissafin gashin zaman gidan yari na wata 18. A ɗaukaka ƙara, a 2015, hukuncin ya koma ɗaurin talala. Kafin shari'ar farko ta zo, mutum 12 daga cikin majinyatan sun riga mu gidan gaskiya. Yau wajibi ne kowace cibiyar gashi a Faransa ta auna hasken a jikin majinyaci tun zaman farko ko na biyu.