Sarakunan Saksoni a Kan Tangaran

A birnin Dresden da ke jihar Saksoni, gabashin Jamus, wani bango ya tsayar da ni cak. Tsawonsa mita 102, kuma daga wannan kai har wancan sarakuna 35 ne na gidan Wettin bisa dawakai, da masu bushe-bushe da 'yan rakiya. Kai ka ce hawan Sallah ne a Kano, sai dai wannan ba ya watsewa da yamma. Kowane sarki da sunansa a ƙarƙashin dokinsa, tun daga Konrad na ƙarni na 12.

Da na matsa kusa sai na ga siraran layukan haɗi. Ashe tangaran ne, falle kusan 23,000 aka jera. Ni a sanina tangaran abin lallaɓawa ne, yana suɓucewa an yi asara. To ga shi ya tsallake ruwan bama-baman 1945 da ya cinye tsakiyar birnin. Wuta ce ta gasa shi tun farko, shi ya sa gobarar ba ta yi masa wata babbar illa ba.

Mafarin labarin tangaran ɗin yana Meissen, ƙaramin gari a bakin Kogin Elbe, inda Sarki Heinrich na Ɗaya ya kafa ganuwa kan tsauni a 929. A 1471 'yan'uwa biyu na gidan Wettin, Ernst da Albrecht, suka fara gina fadar Albrechtsburg a wurin, amma a 1485 suka raba ƙasa, fadar ta zama kusan ba mazauni.

Nan ne abin ya ɗaure mini kai. Augustus mai Ƙarfi, sarkin Saksoni da ya ba Sarkin Prusiya sojojin doki 600 a musayar tangaran ɗin Sin guda 151, ya tsare wani saurayi, Böttger, da ya yi iƙirarin zai iya haɗa zinariya. Zinariya ba ta samu ba. Amma shi da masani Tschirnhaus sun gano sirrin gasa farar laka a 1708, abin da Turai ta daɗe tana nema. A 1710 sarki ya mayar da fadar kakanninsa ta Albrechtsburg masana'antar tangaran, don a kan tsauni an fi iya tsare sirri.

Da na je fadar, na tsaya a wani babban zaure mai rufin dutse ina tunanin hayaƙi da ƙurar da ya sha har 1863. Da farko raina ya sosu: fada guda a hannun magina? Daga baya na sake tunani, domin sana'ar nan ce ta kai sunan Meissen duniya, ba yaƙe-yaƙen masu fadar ba. Tsarewar da aka yi wa Böttger kuwa har yanzu ban ga abin da zai wanke ta ba.

Mulkin gidan Wettin a Saksoni ya ƙare a 1918. Masana'antar tana nan a garin Meissen tana aiki, kuma har yau da hannu ake zana tambarinta, takubba biyu shuɗɗa a gicciye, a gindin kowane kofi.