Gidan da Ke Cikin Ƙirji

Bayan sallar la'asar, kusa da babban masallacin Briqueterie a Yaoundé, na ga wani dattijo yana raba yara biyu da ke rigima kan tsinken tsire ɗaya. Bai tsawata musu ba, tsugunawa ya yi ya ce, "Ɗana, faɗa min naka," ya jira kowa ya amayar da abin da ke ransa. Sai na shiga tunanin cewa kowannenmu na ɗauke da gida cike da jama'a a ƙirjinsa: akwai matsoraci, akwai mai saurin fushi, akwai mai yi mana faɗa tun asuba, akwai kuma yaron da aka ɓata wa rai tuntuni aka kulle shi a ɗaki. Malamanmu sun daɗe suna bayanin rai mai umarni da sharri, da mai zargin kansa, da mai natsuwa. A shekarun 1980 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Richard Schwartz, ya lura masu zuwa wurinsa suna ambaton sassa dabam-dabam a cikinsu, sai ya gina hanyar jinya bisa sauraron kowane sashe ba tare da korarsa ba. A ganinsa, fushin ma gadi yake yi, tsohon rauni yake karewa. A Yaoundé kuwa, wanda nauyin ya fi ƙarfinsa yakan nufi likitocin ƙwaƙwalwa na Asibitin Jamot, kuma babu kunya a hakan. Wataƙila girma shi ne mutum ya gane cewa haƙurin da yake yi da maƙwabci, kansa ma yana bin sa bashinsa.