Waifai a Landan, Data a Kano

Gidan da nake haya a gabashin Landan irin tsofaffin gidajen nan ne na zamanin Sarauniya Biktoriya, masu manne da juna, siriri ta gaba, dogo ta baya, duk na jan bulo. Wayar intanet ta ƙofar gida take shigowa, don haka a nan kamfani ya ajiye rauta, daf da inda muke tuɓe takalma. A falo komai lafiya lau. Amma da an hau bene an shiga ɗakin baya, inda 'yata take darasi, sai fuskar malamarta ta daskare a kwamfuta, baki buɗe, magana ta tsaya a rabi. Ranar da na tarar da yarinyar a tsugune kan matakala da littafi a cinya, cikin sanyin Janairu, abin ya sosa mini rai.

Na fara da abin da kowa yake farawa da shi a nan, wato ƙaramar na'urar ƙara zango da ake sokawa a soket. Sandunan sigina suka cika, amma gudu bai zo ba. Ita wannan na'ura da rediyo ɗaya take ji, da shi kuma take maimaitawa, shi ya sa kusan rabin gudun yakan salwanta a hanya. Ga shi a ɗakin da sigina ya riga ya galabaita na soka ta, alhali tsakiyar hanya ce gurbinta. Daga baya na sayi tsarin da suke kira mesh: akwatuna uku masu magana da juna, suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya, waya tana sauya na kusa da kanta. A nan na gane cewa zangon gigahaz 5 ya fi gudu amma bango yana cinye shi, na 2.4 kuwa ya fi ratsa bulo, sai dai gidajen maƙwabta duk sun cunkushe a kansa.

Da na ba Yayana labari a waya, daga Kano ya ce, “To ƙanina, sai a aiko mana da irin naka, mu ma mu huta.” Na ce, “Yaya, ciwonmu ba ɗaya ba ne.”

A Ingila intanet na gida ne, kamar famfo. Ana biya a wata, galibi ba a ƙirga abin da aka sha, ya kuma iso bakin ƙofa da ƙarfinsa. Wahalar ita ce raba shi ɗaki-ɗaki. A wajenmu a Kano kuwa na mutum ne, a aljihu yake kwana. Kowa da layinsa, MTN ko Airtel ko Glo, kowa da datarsa, in an ci gaba a sayi MiFi. Matsalar tun daga waje take farowa, tsakanin turken sabis da gida, ta bi ta kwanon rufi da rufin siminti mai rodi. Shi ya sa za ka ga mutum ya fito tsakar gida ya ɗaga waya sama. Mesh ba ya ƙirƙirar abin da bai shigo ba. In ɗigo ya samu, ɗigon zai raba. Kowane akwati kuma yana son wuta, kuma mun san halin wutar. Ga gida mai sassa huɗu da samari a zaure: da kalmar sirri ta zaga, datar wata ba ta ganin mako biyu. Wanda ya ja wayar intanet ta faiba, ko ya kafa Starlink da ta shigo Najeriya a 2023, yana kuma da sola, shi kam mesh zai yi masa rana, musamman a gida mai faɗi.

Yaya bai kai nan ba tukuna. Shawarar da na ba shi ita ce ya zaga gidan da waya a hannu har ya gano inda sabis ya fi ƙarfi. Tagar ɗakin sama ce, mai kallon titi. A nan ya rataye MiFi ɗinsa a ƙusa, ya haɗa ta da fawa-banki. Ranar Juma'a muka yi kiran bidiyo da Hajiyarmu tana zaune a kan dardumarta, har na ga zanen lallen da ke tafin hannunta.