Ɗan hakin da ka raina

Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wani ma'aikacin gwamnati a Maraɗi ya sha jin wannan karin magana tun yana yaro, amma bai san nauyinta ba sai ranar da wani ɗan guntun ƙarfe, wanda bai kai girman goro biyu ba, ya tsayar da shi a bakin hanya wuni guda.

A shekarar 2022, bayan ya kwashe shekara tara yana adashi da tsimi, ya sayi mota Toyota Avensis, irin wadda aka ƙera a Ingila. Tsohuwar hannu ce daga Turai, ta sauka tashar jirgin ruwa ta Kwatano, ta shigo ta Gaya, kafin a rufe wannan iyaka a 2023. Ran da aka kawo ta ya duba inji, ya duba fenti, ya ƙirga takardu ɗaya bayan ɗaya. Da yana share ɗan akwatin da ke gaban mota, sai ya tsinci wani dunƙulen ƙarfe mai rami, da wani zane kamar fure a bakinsa. Ya juya shi, ya kasa gane amfaninsa. Da yake yana da nauyi da sheƙi, sai ya tafi da shi biro ya riƙa danne takardu da shi don kada fanka ta watsa su. Wata bakwai ƙarfen nan yana zaune bisa tebur.

Wata Asabar, bayan sallar asuba, ƙanensa ya kira shi daga Damagaram ya ce Allah ya yi wa mahaifinsu rasuwa. Ya ce dangi sun yarda a jira shi har bayan azahar, tun da shi ne babban ɗa. Ƙarfe 8 ya ɗauki matarsa da goggonsa suka kama hanya. Tsakanin Maraɗi da Damagaram bai kai kilomita 250 ba, lokaci kuwa akwai shi har da saura.

Sun wuce Cadawa, sun wuce Agye, ba su kai Gazawa ba, tayar baya ta dama ta fashe. Bai damu ƙwarai ba, don yana da tayar ko-ta-kwana, da jak, da kile. Ya kwance noti huɗu ba wahala. Da ya zo kan na biyar sai kile ya riƙa zamewa. Ya durƙusa ya duba da kyau: sauran suna da kusurwa shida, wannan kuwa kansa a mulmule yake, sai wani siririn zane da aka sassaƙa a fuskarsa. Da ganin zanen gabansa ya faɗi. Ya san shi. Kullum yana kallonsa bisa takardun biro.

Abin da bai sani ba shi ne, a Turai da Amurka satar ƙafafun mota ta daɗe da zama ruwan dare, musamman masu janti na alminiyam, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kansa. Saboda haka ake ɗaure kowace ƙafa da noti guda na daban, wanda masu jin Faransanci ke kira antibol. Ana sayar da su huɗu-huɗu tare da ɗan makulli guda, zanensa ya dace da nasu kamar yadda hannu ya dace da safarsa. Sai an kifa makullin bisa notin sannan kile ya sami abin kamawa. Kowane rukuni da irin zanensa, da lambarsa a kan wani ɗan kati, wadda da ita ake sayen madadin makullin idan ya ɓace. Motar da ta bi hannun dillalai da matuƙan jirgi da direbobi kafin ta iso Nijar, sau da yawa kati da makulli sun salwanta a hanya. Shi nasa ya iso lafiya, shi da kansa ya raba shi da motar.

Komawa Maraɗi ba ta yiwuwa, ga biro a kulle ranar Asabar. Wasu samari daga wani ƙauye na kusa suka zo taimako da guduma da kurfi. Suka yi ta duka har suka lalata zanen, suka ƙwarzane jantin, notin ko motsi bai yi ba, domin da ƙarfe mai tauri ake yin sa da gangan.

Wajen ƙarfe 11 wata motar haya mai zuwa Damagaram ta tsaya, akwai wurin mutum uku. Goggonsa ta tattara mayafinta ta ce: "Ɗana, taso mu tafi. Mota ƙarfe ce, tana nan. Ubanka ba a binne shi sau biyu." Ya dubi motar, ya dubi dajin da ke kewaye da ita, ya tuna shekara taran nan. Ya ce: "Goggo, ku yi gaba. Yanzun nan za a kwance, zan ma riga ku isa." Ta dube shi ba ta ƙara cewa komai ba, ta shiga.

Sai kusan ƙarfe 1 ɗan kabu-kabun da ya aika Gazawa ya dawo da wani dattijo mai gyaran taya, da jakar kayan aiki a cinyarsa. Dattijon ya yi masa ta'aziyya, ya tsuguna ya shafa notin da yatsa. Kafin ya buɗe jaka sai ya ce: "Malam, ka yi haƙuri, in ga takardun mota." Ran ma'aikacin ya ɓaci, ya ce: "Baba, na yi kama da ɓarawo?" Dattijon ya ce: "Ba ka yi kama ba. Amma aikin da zan yi yanzu, shi ne aikin da ɓarawo ke yi. Takarda ce kaɗai ke raba mu."

Da ya gamsu sai ya fara da abin da ya ba kowa mamaki: ya mayar da noti huɗun da aka kwance, ya ɗaure su tam, ya sauke motar daga jak. Ya ce idan ƴan'uwansa huɗu suka saki, nauyin ƙafar duka kan na biyar yake komawa, sai ya ƙara ƙanƙamewa. Idan suka kama, sai su rage masa kaya. Daga nan ya zaɓi wani tsohon bakin kile mai kusurwa 12, wanda ya ɗan gaza kan notin kaɗan. Ya ɗora shi, ya buga da guduma a miƙe har haƙoransa suka nutse cikin ƙarfen. Ya zura wa hannun kilen dogon bututu, ya danna a hankali da nauyin jikinsa, ba fizga, ba tsalle. Aka ji ƙas. Notin da ya gagari samari huɗu awa biyu ya juya cikin abin da bai kai minti goma sha biyar ba.

Yana ɗaura tayar ko-ta-kwana yana bayani. Ya ce akwai irin da ke da zobe mai juyawa a waje, wanda sai an fasa zoben sannan a sami abin kamawa. Akwai kuma bakin kile na musamman mai haƙora a karkace, wanda ke ƙara cizo duk lokacin da aka juya shi hagu. In duk sun gaza sai a je wurin mai walda ya liƙa wani noti a kai, bayan an cire batir, tare da sanin cewa zafi na iya ɓata jantin. Ya ce yawancin wahalar daga ɗauri take: yara masu hawa kan kile da ƙafa biyu, ko masu ɗaurewa da injin iska. Ƙa'idar wannan mota Nm 103 ce, kimanin nauyin kilo 10 a ƙarshen sanda mai tsawon mita guda. Ya miƙa masa notin da ya lalace ya ce: "Wannan yaro yake hanawa, da mai gaggawa. Ɓarawon da ya zo da shiri ba ya daɗewa a kansa. Wanda ya fi shan wahalarsa shi ne mai motar."

Ya isa Damagaram ana kiran la'asar. An jira shi har ƙarfe 2 da rabi, liman ya ce ba a kyauta wa mamaci da jinkiri. Ya tarar mutane sun dawo daga maƙabarta suna zaune bisa tabarmi. Ƙanensa ya raka shi ya nuna masa kabarin, ƙasar ba ta ko bushe ba. Goggonsa ba ta taɓa tayar da maganar ba, kuma shirun nata ya fi masa zafi da faɗa.

Daga baya ya sha gaya wa abokan aikinsa cewa da fari notin ya ɗora wa laifi, sannan dillali, sannan Turawan da suka ƙirƙiro shi. Sai da kwanaki suka ja ya yarda cewa notin ya hana taya fita ne kawai. Abin da ya hana shi shiga motar hayan nan shi ne tsoron a taɓa masa dukiya, tsoron da ya sa aka ƙera notin tun farko. Makulli bai san mai kaya ba, bai san ɓarawo ba, wanda ke riƙe da ɗansa kaɗai ya sani. Ana kulle kaya don zuciya ta huta. Idan zuciya ta zauna gadin kayan, to mutum ne aka kulle.

Mai karatu, ɗan kasuwa ne kai ko ma'aikaci, idan motarka daga waje ta zo, zagaya ta yau ka dubi kowace ƙafa. In ka ga noti guda ya bambanta da ƴan'uwansa, nemi makullinsa a akwatin gaba ko wurin tayar ko-ta-kwana, ka gwada shi a ƙafa huɗun tun kana cikin gari. Rubuta lambarsa ka ajiye a gida. In babu shi, kai motar gareji a cire su duka a sa na kullum. Kafin ka biya dillali ma, tambaye shi wannan ɗan ƙarfe kamar yadda kake tambayar takardu.

Shi kuwa ma'aikacin, bayan addu'ar bakwai ya koma biro ya tarar da ƙarfen a inda ya bar shi, bisa tarin takardu. Ya ɗauke shi ya kwance sauran noti ukun da hannunsa, ya sa na kullum. Makullin bai yar da shi ba, ya mayar da shi bisa tebur. Duk wanda ya tambaye shi mene ne wannan, sai ya ja masa kujera.

Allah ya jiƙan magabata, ya kiyaye matafiya.