Baƙon Ingila a Yankwashi

Da kaka na raka wani mutumin Ingila daga Kano zuwa Yankwashi, ta ƙasar Kazaure. Muka iske ana girbin gero. Wani dattijo ya ajiye magirbi ya ce, "Sannu da zuwa, yaya hanya?" Baƙona ya amsa da Turanci. Da ba a gane ba, sai ya ɗaga murya, sai ka ce da kurma yake magana. Dattijo ya koma aikinsa.

Haka da yawa cikin mutanen Ingila suke in sun bar gida, gama sun saba kowa ya koyi harshensu. Amma ba dukansu ba. Likita Miller ya zauna a Zariya, ya ƙware a Hausa, har ya yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na 1932. Bargery kuma ya fitar da ƙamus a 1934.

Da dare na koya wa baƙona gaisuwa. Kashegari ya rusuna ya ce, "Ina kwana, Baba?" Nan take aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura.

Kai fa, mai karatu, ka taɓa gai da maƙwabcinka Bafillace da Fillanci? Ran Fentikos, kowa da harshensa ya ji bishara.